Waken da aka sauya wa ƙwayar halitta: me za a gaya wa mai saye a kasuwar Dole?

Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka ce kana sayar da hatsi da wake da masara a kasuwar Dole ta Damagaram, kuma tun da wani saƙon murya ya bazu a WhatsApp cewa waken Najeriya da aka sauya wa ƙwayar halitta yana hana haihuwa, yana kawo ciwon daji, ba ya kuma tsira idan an sake shuka shi, masu saye suke tsayawa a gaban buhu suna tambayarka asalin kayanka. Kana son sanin ko maganar gaskiya ce, da yadda za ka gane irin wannan wake, da dalilin da ya sa ba a rubuta komai a jikin buhu. A matsayina na wanda aikinsa binciken iri da ƙwarin amfanin gona ne, ga inda na tsaya: babu hujjar da ta nuna cewa cin waɗannan nau'o'i da hukumomi suka tantance yana cutar da mutum, amma duk da haka wajibi ne a gaya wa mai saye abin da yake saye, kuma wanda ya fi kowa bukatar wannan bayani shi ne manomin da zai zuba irin a ƙasa, ba uwargidan da za ta dafa shi ba.

Akwai abubuwa uku da maganar kasuwa ta cakuɗa. Na farko ingantaccen iri ne, irin wanda cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke Sadore suke fitarwa, kamar hatsin HKP da manomanmu suka daɗe da sani, ko Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka fitar a Nijar a 2018. Waɗannan ta hanyar barbara da zaɓe aka same su, wato abin da manomi yake yi idan ya ware zangarniyar da ta fi cika domin irin baɗi, sai dai masana suna yi da awo da rubutu. Na biyu iri ne mai aure, wanda ake haɗa uwa da uba da aka keɓe shekaru, ƴaƴansu na farko su yi yabanya sosai, amma idan an sake shuka su amfanin ya ragu. Na uku shi ne wanda ka tambaya a kansa, wanda muke ji da sunan OGM a nan, maƙwabtanmu kuma suke cewa GMO: a ɗakin bincike ake ɗauko ƙwayar gado ɗaya ko biyu daga wata halitta dabam, a saka cikin tsiro, sannan a raya shi ya riƙa gadar da ita ga ƴaƴansa. Kankana marar ƴaƴa, da manyan tumatir, da kajin gona masu isa yanka cikin mako shida ko bakwai, waɗanda mutane suka fi nunawa da yatsa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya shiga wannan kaso na uku.

An fara sayar da irin wannan abinci a Amurka a 1994 da wani tumatir, noman ya bunƙasa daga 1996, kuma zuwa 2019 ana shuka shi a hekta kusan miliyan 190 a ƙasashe 29, wato faɗin Nijar gaba ɗaya sau ɗaya da rabi. Kusan dukkan wannan fili na amfanin gona huɗu ne: waken suya, masara, auduga da wani tsiro mai ba da mai da ake kira kanola. Hatsi da dawa da riɗi da gyaɗa da albasa ba su da nau'in OGM da ake sayarwa a wata kasuwa ta duniya, saboda haka hatsin da ke rumfarka maganar ba ta shafe shi ba ko kaɗan.

Abin da ya shafe mu yana ƙetaren iyaka. Nijar ba ta cikin ƙasashen da ake noman waɗannan iri a hukumance, amma Najeriya tana ciki. Ta kafa hukumar kula da lamarin, NBMA, a 2015, ta amince da auduga a 2018, sannan a 2019 ta fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta samar tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da masanan ƙasar Ostireliya. A farkon 2024 kuma aka fitar da masarar TELA, wadda aka yi domin ta jure tsutsar kara da tsutsar nan mai cinye ganye da ta shigo Afirka a 2016. Ka fi ni sanin cewa wake daga wajenmu yake gangarawa kudu, daga gonakin Magariya da Matamaye da Mirriya zuwa Maigatari da Dawanau, masara ce take hawowa arewa. Don haka idan OGM zai shiga buhunka, ta masara ya fi sauƙin shiga, da kuma man waken suya na cikin jarka da ake shigowa da shi daga nesa. Wake kuwa ta hanyar iri zai shigo: manomi ya je biki ko ta'aziyya a Daura ko Gumel, ɗan'uwansa ya yaba masa wani wake da tsutsa ba ta ci, ya ƙulla masa tiya ɗaya ya dawo da ita gida. Babu ɗan duwan da zai tare wannan ƙullin.

Waken Samaru an yi shi ne saboda tsutsar maruka, wadda take shiga fure da kwanso ta cinye daga ciki, inda feshi ba ya isa gare ta da kyau, kuma a shekarar da ta yi yawa tana iya halaka har kashi 80 cikin 100 na gona. Masu bincike sun duba dubban nau'o'in wake ba su sami wanda yake jure mata sosai ba, shi ya sa suka koma ga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Wannan bakteriya tana yin wani furotin da ke kashe tsutsa, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, har masu noman da ba sa amfani da sinadarai suna fesa ta. Furotin ɗin ba ya aiki sai ya narke a cikin hanji mai kanwa-kanwa irin na tsutsa, sannan ya sami wasu guraben kamu a bangon hanjin ya huda shi. Cikin ɗan Adam da na akuya da na kaza mai tsami ne, kuma ba shi da waɗannan guraben, don haka furotin ɗin yana narkewa kamar sauran furotin na abinci. Saboda wannan keɓancewar ne ma waken bai tsira daga darɓa da ƙwarin da ke tsotsar kwanso ba, bai kuma tsira daga ƙwaron ajiya ba. Manomin da yake feshi sau shida zuwa takwas yana komawa kusan sau biyu, ba ya daina feshi gaba ɗaya, kuma buhun da ke shagonka zai huje kamar kowane buhu idan ba a adana shi da kyau ba.

Maganar ciwon daji tana da asali, kuma hotunan ɓeraye masu manyan ƙari da ake haɗawa da irin waɗannan saƙonni daga nan suka fito. A 2012 wani masani na Jami'ar Caen a Faransa, Gilles-Éric Séralini, ya wallafa binciken da ya ciyar da ɓeraye masarar OGM na shekara biyu. Matsalar ita ce jinsin ɓerayen da ya yi amfani da su yana yin ƙari da kansa idan ya tsufa ko me ya ci, kuma goma kacal ya sa a kowane rukuni, adadin da ba ya isa a rarrabe illa da dace. Mujallar ta janye binciken a 2013, daga baya Tarayyar Turai da gwamnatin Faransa suka biya kuɗin sababbin gwaje-gwaje, ciki har da na shekara biyu da ɓeraye masu yawa, ba a kuma sami abin da ya ce ya gani ba. A 2016 majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike kusan 900, ta kuma kwatanta yawan ciwon daji da wasu cututtuka a Amurka da Kanada, inda ake cin wannan abinci tun 1996, da na Ingila da yammacin Turai, inda kusan ba a ci, ba ta ga bambancin da za a jingina wa OGM ba. Game da haihuwa kuma, wani nazari na 2012 ya tattara gwaje-gwaje 12 da aka ciyar da dabbobi har zuriya biyu zuwa biyar, bai sami alamar illa ba, kuma kaji da shanun Amurka da Brazil da Turai sun shafe kusan shekara 30 suna cin wannan masara da waken suya suna hayayyafa.

Ba na raina mai tsoro. Mutanen wannan yanki ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma duk wanda aka taɓa yi wa abu ba tare da saninsa ba yana da dalilin yin tambaya. Haka kuma ba daidai ba ne a ce duk abin da aka sauya lafiya lau yake. A 1996 an gano cewa wani waken suya da aka saka wa ƙwayar gadon gyaɗar Brazil yana tayar da borin jini ga waɗanda jikinsu ba ya karɓar wannan gyaɗa, aka dakatar da shi bai shiga kasuwa ba. Kowane nau'i da kansa ake tantance shi, kuma ingancin hukumar da ke tantancewa shi ne abin dubawa. Akwai kuma batun maganin ciyawa mai suna gilifosat, wanda ake fesa wa waken suya da masarar da aka yi domin su jure shi. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa ne yana kawo cutar, hukumar abinci ta Turai ta saɓa mata, Turai ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Wannan muhawara ce a kan maganin feshi, kuma waken Samaru ba ya cikin waɗanda aka yi domin shi.

Cewa irin ba ya tsira kuwa, daga wata fasaha ta fito wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1998 domin ta sa ƴaƴan shuka su zama bakarare. Duniya ta yi ca a kanta, kamfanin iri na Monsanto ya yi alkawari a 1999 cewa ba zai sayar da ita ba, ƙasashe suka dakatar da ita a 2000, kuma ba a taɓa sa ta a kasuwa ba. Waken SAMPEA 20-T yana tsira idan an sake shuka shi kamar kowane wake, kuma a wajena wannan ne ya sa maganar tambari take da muhimmanci, domin abin da yake tsira yana yaɗuwa. Masarar TELA mai aure ce, don haka amfaninta yana raguwa a shuka ta biyu, amma wannan halin duk masara mai aure ne.

Inda masu adawa suke da ƙarfin hujja shi ne mallakar iri da lissafin kasuwa. Kamfanoni huɗu, Bayer wanda ya saye Monsanto a 2018, da Corteva da Syngenta da BASF, suna riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya. Gaskiya ne an ba da ƙwayar gadon waken Samaru ba tare da kuɗin mallaka a kan manomi ba, amma abin da aka ba ka kyauta yau ba kai ke da iko da shi ba. Darasin da ya fi kusa da mu na Burkina Faso ne. Ta fara noman audugar Bt a 2008, manoma suka karɓe ta hannu bibbiyu saboda feshi ya ragu daga sau shida zuwa biyu, har ta mamaye kusan kashi 70 cikin 100 na gonakin auduga. Sai dai audugar Burkina ta yi suna ne a kasuwar duniya saboda tsawon zarenta, kuma da aka haɗa irin gida da irin Amurka mai ɗauke da Bt ba a yi isasshen aikin maido da halin irin gida ba, sai zaren ya gajarta, farashi ya faɗi. A 2016 kamfanonin audugar ƙasar suka yi watsi da irin, suka nemi diyyar sefa biliyan 48 daga Monsanto, kamfanin da ya kawo irin Bt ɗin. Ba wanda ya yi rashin lafiya, tsutsa ma ta mutu kamar yadda aka yi alkawari, amma an yi asara saboda an manta da abin da mai saye yake biya domin sa. Idan aka zo kan wake, tambayar da ta dace da ɗan kasuwa irinka ita ce ko girman ƙwayar da farinta da saurin nunarta a tukunya da yawan harawarta sun kai na waken da mutanen Damagaram suka saba, kuma wannan a gona da kasuwa ake gane shi.

Yanzu ga batun rubutu a jikin kaya. Ƙasashen duniya sun yi kusan shekara 20 suna jayayya a kansa a hukumar ƙa'idojin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka tashi a 2011 kowa ya kama gabansa. Tarayyar Turai tun 2003 ta wajabta rubutawa idan OGM ya wuce kashi 0.9 cikin 100, har a kan man da aka tace wanda gwaji ba ya iya gano komai a cikinsa. Amma nama da madara da ƙwai na dabbar da ta ci OGM ba a rubuta musu komai, alhali Turai tana shigo da kusan tan miliyan 30 na waken suya da dusarsa kowace shekara, mafi yawansa OGM, domin ciyar da dabbobin nan. Amurka ta daɗe tana ƙi. A 2012 aka yi ƙuri'ar raba gardama a jihar Kalifoniya, kamfanoni suka kashe kusan dalar Amurka miliyan 46 wajen yaƙar tambarin, suka yi nasara da ƙyar, 51 da 49. A 2016 aka yi dokar tarayya wadda ta fara aiki sosai a 2022, amma ta yafe wa mai da sukarin da aka tace, ta kuma yarda kamfani ya sa alamar da sai an haska ta da wayar salula kafin a karanta. Brazil tana sa harafin T a cikin alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa, Afirka ta Kudu kuma, wadda mafi yawan masarar tuwonta OGM ce, ta sa iyakarta a kashi 5. Wannan bambancin lambobi ya isa ya nuna maka cewa ba awon guba ake yi ba. Kowace ƙasa tana yanke abin da ƴan kasuwarta za su iya cikawa da abin da jama'arta za su yarda da shi.

Masu ƙin tambari suna cewa mutum yana ganin rubutu sai ya ɗauka gargaɗi ne, ga shi kuma ware kaya tun daga gona zuwa shago yana ƙara tsada, talaka ne zai biya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma ban bi su ba. Ɓoyewa ita ce ta haifi saƙon muryar da ya dame ka, kuma kuɗin da aka kashe a Kalifoniya ya sa mutane da yawa suka ƙara yarda cewa akwai abin da ake rufewa. Mu kuma ciniki a wajenmu yana da hukunci. Ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1998 ta halatta amfani da wannan fasaha a noma da kiwo da sharaɗin a kiyaye cutarwa, ta kuma yi kira ga masu sarrafa abinci su bayyana abin da ke cikin kayansu. Halal ne, amma ba a yi wa mutum cinikin biri a sama.

Matsalar ita ce dokokin Turai da Amurka an yi su ne domin abincin da ke cikin kwali da gwangwani a kan kanta. Abincinmu da tiya ake auna shi daga buhun da dillali ya cika da kayan manoma goma a kasuwar ƙauye, buhun ma na shinkafa ne ko na takin zamani da aka wanke, ƙosai da ɗanwake kuma ba su da jikin da za a manna wa takarda. Dokar Najeriya ta wajabta tambari, amma mai awo a Dawanau bai ga wani tambari ba. Da ido ba za ka gane waken Bt ba, ko da ɗanɗano, ko da jiƙa shi a ruwa. Duk wanda ya ce maka yana ganewa ta launi ko girma yaudararka yake yi. Ana ganewa ne da ɗan tsinken gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro: a niƙa ƴan ƙwayoyi, a jiƙa, a tsoma, layi biyu su fito cikin ƴan mintoci idan furotin ɗin yana ciki. Tabbatarwa kuma sai ɗakin gwajin ƙwayoyin gado.

Saboda haka nake ganin wurare biyu ne tambari zai yi aiki a ƙasarmu. Ɗaya bakin iyaka ne, a kan takardun manyan motoci. Nijar tana cikin yarjejeniyar Kartahena da ta fara aiki a 2003, wadda ta ce kayan abinci masu rai da ke ƙetare iyaka su zo da takardar da ta nuna cewa suna iya ƙunsar OGM, kuma a 2019 ƙasar ta yi dokarta ta kiyaye haɗarin wannan fasaha. Doka tana nan, abin da ya rage shi ne ma'aikatan duba tsirrai a bakin iyaka su sami tsinken gwaji da horo. Ɗaya wurin, wanda ya fi muhimmanci, jikin ledar iri ne, da Hausa, da boko da ajami, a kuma faɗa a rediyo. Manomin da ya shuka waken Bt bai sani ba zai ci gaba da feshi sau shida, ya yi asarar kuɗin magani a banza. Ba zai san cewa ana so a bar wa tsutsa wani yanki na waken da ba Bt ba, domin kada masu jure furotin su kaɗai su rage su hayayyafa, abin da ya faru da tsutsar auduga a Indiya har irin ya daina kare gona daga gare ta. Zai kuma zuba shi cikin rumbu ɗaya da irin da ya gada, bayan ƴan damuna babu mai iya cewa wanne ne wanne. Wake yawanci kansa yake yi wa barbara, amma ƙudan zuma suna ɗan kai gari daga fure zuwa fure, kuma yankinmu yana da waken daji dangin na gida, don haka yaɗuwar ba ta tsaya a gona ɗaya ba. Wanda ya ci tuwo ya gama da shi a ranar, wanda ya shuka kuwa ya yanke wa gonarsa da ta maƙwabcinsa hukuncin shekaru, ya kamata ya yanke shi da saninsa. Kuma ya san cewa ba wannan ce kaɗai hanya ba: masu binciken INRAN a Maradi suna aiki da ƙananan zanzaro masu kashe tsutsa, waɗanda aka riga aka saki a gonakin hatsi, da kuma ruwan ƴaƴan bedi domin feshin wake.

Akwai abin da ya fi damuna game da buhunanka fiye da duk wannan. Gubar da aka tabbatar tana cikin waken kasuwanninmu ita ce wadda ake zuba masa bayan girbi, piya-piya da danginsa, da ƙwayar hayaƙi da ake jefawa cikin buhu a ɗakin da mutane suke kwana. Saboda ragowar irin wannan magani ne Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015, shekaru kafin a fitar da waken Bt. Ga kuma gubar afalatoksin ta funfunar gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, wadda aka tabbatar tana kawo ciwon dajin hanta, ta kuma kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu bincikenmu na Maradi, yana kashe ƙwaron ajiya ta hanyar hana shi iska ba tare da ɗigon magani ba. Idan akwai rubutun da nake so in gani a jikin buhun wake a kasuwar Dole kafin kowanne, shi ne ranar da aka sa masa magani da sunan maganin.

Ga mai sayen da ya tsaya a gabanka, gaya masa abin da ka sani, ka tsaya a nan. Hatsi da dawa ka ce masa babu OGM ɗinsu a kasuwa. Wake ka faɗi garin da ka saro shi da yadda aka adana shi. Masarar da ta fito daga kudu ka ce tana iya ƙunsarsa, kuma ba a sami illa a cinta ba. Kada ka rantse cewa kayanka ba su da shi alhali ba ka gwada ba, kada kuma ka ƙara kuɗi a kan tiya da sunan wake mai tsabta, domin wannan ma algus ne. Wanda ya zo sayen iri kuwa kada ka auna masa daga buhun abinci. Tura shi wurin masu sayar da iri mai shaida ko ma'aikatan gona, kuma idan an kawo maka ledar iri daga Najeriya ka duba sunan: SAMPEA 20-T a wake, SAMMAZ 72T zuwa 75T a masara, harafin T ɗin da ke ƙarshe shi ne alamar cewa an sauya masa ƙwayar halitta.